Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi? Tambayoyi da Amsoshi kan Whitney Houston da Waƙoƙin da Ta Sabunta

Duk shekara idan Fabrairu ya kama, muryar Whitney Houston kan dawo gidajen rediyo da shafukan sada zumunta, domin ranar 11 ga watan ne ta rasu a 2012. Kuma duk shekara sai an samu wanda ya riƙe baki da jin cewa "I Will Always Love You", waƙar da duniya ta fi saninta da ita, ba ita ta fara rera ta ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan wannan batu, da amsar da zan iya bayarwa.

Wace ce Whitney Houston, ga wanda sunan kawai ya sani?

Ba'amurkiya ce baƙar fata, an haife ta ranar 9 ga Agusta 1963 a birnin Newark na jihar New Jersey. A gidan waƙa ta buɗe ido. Mahaifiyarta, Cissy Houston, mawaƙiyar coci ce, kuma ta yi wa manya irin su Aretha Franklin da Elvis Presley amshi. Dionne Warwick kuwa 'yar yayar mahaifiyarta ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tun tana ƙarama take rera waƙa a cocin New Hope Baptist da ke Newark, daga baya ta riƙa bin mahaifiyarta wuraren wasa a New York. Clive Davis, shugaban kamfanin Arista, ya ɗauke ta a 1983, faifanta na farko ya fito a 1985. Daga nan waƙoƙinta bakwai a jere suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin ita. Ta rasu tana da shekara 48.

Me ake nufi da maimaicin waƙa, kuma ina bambancinsa da satar fasaha?

Maimaici shi ne mawaƙi ya ɗauki waƙar da wani ya riga ya fitar, ya sake rera ta da muryarsa da nasa kiɗan, a fili, tare da ambaton wanda ya rubuta ta da biyan shi haƙƙinsa. Satar fasaha kuma ita ce a ɗauki kari ko baitocin wani a ɓoye sunansa, a ce nawa ne. Akwai na uku, kwaikwayo, inda mutum ke ƙoƙarin mayar da muryarsa ta zama ta wancan mawaƙin sak, har numfashinsa da inda yake karya harshe. Kwaikwayo yana da daɗi a wurin biki, amma ba ya ƙara wa waƙa komai. Maimaici mai kyau yana fito da wata ma'ana da ke kwance a cikin waƙar wadda ba a lura da ita ba a bakin na farko.

Da gaske ne "I Will Always Love You" ba waƙar Whitney ba ce?

Gaskiya ne. Dolly Parton ce ta rubuta ta a 1973, ta fitar da ita a 1974, shekara 18 kafin Whitney ta taɓa ta. Sunan Dolly ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a Najeriya zamanin kaset, lokacin da waƙoƙin karkarar Amurka irin nata da na Don Williams da Kenny Rogers suka cika shaguna da motocin haya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba waƙar rabuwar saurayi da budurwa ba ce tun asali. Dolly ta shiga shirin talabijin na Porter Wagoner a 1967, shi ne ya fito da ita duniya ta san ta. Bayan wasu shekaru sai ta ga lokaci ya yi da za ta tsaya da ƙafafunta, shi kuma ya ƙi sauraron maganar. Da baki ya kasa, sai ta koma gida ta rubuta waƙa, ta zo ofishinsa ta rera masa. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa ya yi hawaye, ya amince ta tafi. Wato waƙar sallama ce tsakanin yarinya da ubangidanta, irin sallamar da babu gaba a cikinta, sai godiya da addu'a. Ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin karkara a 1974, ta sake hawa a 1982 da Dolly ta sake ɗaukarta domin wani fim. A 2007, watanni kaɗan kafin rasuwar Wagoner, Dolly ta sake rera masa ita a bainar jama'a a dandalin Grand Ole Opry da ke Nashville.

To ta yaya ta faɗo hannun Whitney?

Ta hanyar fim ɗin The Bodyguard na 1992, wanda ta fito a ciki tare da Kevin Costner. Da farko wata tsohuwar waƙar Jimmy Ruffin aka shirya za ta maimaita, sai aka tarar Paul Young ya riga ya rera ta a wani fim da ya fito a 1991. Dole aka nemi wata. Costner ne ya kawo shawarar waƙar Dolly, kuma rerawar da aka fara dubawa ta Linda Ronstadt ce ta 1975, wadda ita ma maimaici ce. A cikin ta Ronstadt babu baiti na ƙarshe, baitin da mai tafiya ke yi wa wanda za ta bari fatan alheri da farin ciki. Dolly ce ta ja hankalin David Foster, wanda ya tsara kiɗan, cewa kada a bar wannan baitin a baya. Ina ganin da an bar shi, da waƙar ta rasa ƙashin bayanta, domin a nan ne ake gane cewa mai maganar ba fushi take yi ba.

Waƙar ta fito a Nuwamba 1992. Ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya a Amurka, wanda a lokacin babu waƙar da ta taɓa kaiwa haka, ta yi mako 10 a Ingila. A 1994 ta ci kyautar Grammy ta waƙar da ta fi fice a shekara, faifan fim ɗin kuma ya ci ta faifan shekara.

Me Whitney ta canza a cikin waƙar har ta zama kamar sabuwa?

Baitocin nan dai su ne, karin ma shi ne. Abin da ya canza shi ne ginin waƙar.

Na farko, mafari. Sama da daƙiƙa 40 na farkon waƙar murya ce tsura, babu jita, babu ganga, babu komai. Costner ne ya dage a kan haka, saboda yadda zai dace da labarin fim ɗin, alhali masana kasuwar waƙa suna tsoron gidajen rediyo ba za su sa waƙar da ta fara shiru haka ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya rera abu ba kiɗa ya san wuyar wannan. Babu inda za ka ɓuya. Idan murya ta kauce ko da kaɗan, kowa zai ji, kuma idan kiɗa ya shigo daga baya dole ya tarar da kai daidai inda ya kamata. Whitney ta fara da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da mutum ɗaya a cikin ɗaki, tana jan numfashi a inda mai jin nauyin magana zai ja.

Na biyu, haƙuri. Ba ta zuba ƙarfinta a amshi na farko ba, ba ta zuba a na biyu ba. Kiɗan yana shigowa da kaɗan-kaɗan, sannan Kirk Whalum ya busa saksofon a tsakiya, mai sauraro ya ɗan huta.

Na uku, baitin addu'ar nan. Dolly faɗarsa take yi da baki kamar mai karanta wasiƙa. Whitney rera shi ta yi, tana hawa da shi a hankali.

Sai na huɗu, wanda kowa ya sani: kiɗa ya ɗauke ɗif, a ji bugun ganga guda ɗaya, sannan ta dawo da amshin a mataki na sama da dukan ƙarfin ƙirjinta. Nan ne masu gasar waƙa ke garzayawa, kuma nan ne suke faɗuwa. Ni a ganina wannan wurin yana ratsa jiki ne saboda minti ukun da ta yi tana danne muryar kafin a iso shi. Wanda ya fara da ihu tun daga baitin farko, me ya rage masa da zai hau? Bayan hawan kuma ta sauko, ta rufe da siririyar murya irin wadda ta buɗe da ita. Wannan salo na farawa a hankali, a gina, a fashe, a sauko, daga coci ta taho da shi.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shin wannan bai karya karin maganar ba?

Na daɗe ina juya wannan tambayar. Karin maganar tana da gaskiya ta fuskar da aka yi ta: wanda abu ya faru a kansa ya fi kowa sanin yadda zai faɗe shi. Idan ka saurari ta Dolly kana sane da labarin Wagoner, za ka ji wani abu da babu shi a ta Whitney. Muryarta na rawa kaɗan, ba ta ɗaga ta, kamar mai tsoron kada maganar ta yi wa wanda take gaya wa zafi. Mutum ɗaya take yi wa waƙar, kuma ta san shi.

Amma wace ce "mai ita"? Wanda ya haƙa rijiya da wanda ya ja ruwan ya shayar da gari, kowanne yana da hannu a ciki. Whitney ta ɗauki sallamar mutum biyu ta mayar da ita abin da miliyoyin mutane za su iya sa sunan nasu mutumin a ciki, mai rai ko mamaci. Don haka ake jin ta a wurin aure, ake jin ta a wurin makoki. Idan aka matsa mini sai na zaɓa, da dare ni kaɗai ta Dolly nake sawa. Amma ban taɓa jin ta Whitney ta iso wurin bugun gangar nan ba tare da tsigar jikina ta tashi ba, ko sau nawa na ji ta. Dolly ma ta ce ranar da ta fara jin ta a rediyo tana tuƙi ne, sai da ta gangara gefen hanya ta tsaya.

Wa ya ci kuɗin, Dolly ko Whitney?

Dukansu, amma ta ƙofa daban-daban. Kowace waƙa da aka ɗauka tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin rubutu, wato baitoci da kari, wanda ke hannun marubuci da kamfanin da ke kula masa da shi. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka ɗauka, wanda galibi ke hannun kamfanin faifai, mawaƙi yana samun kasonsa bisa yarjejeniya. Duk faifan Whitney mai ɗauke da wannan waƙa da aka sayar, Dolly tana da rabo a matsayinta na marubuciya. A Amurka ma gidajen rediyo na AM da FM marubuci suke biya idan sun sa waƙa, ba sa biyan wanda ya rera.

Abin da ya sa wannan rabo ya zauna a hannun Dolly gaba ɗaya wani tsayin daka ne da ta yi tun a shekarun 1970. Elvis Presley ya so ya rera waƙar, ita ma ta yi murna ƙwarai. Sai manajansa, Kanal Tom Parker, ya ce sharaɗinsu shi ne a ba su rabin haƙƙin rubutun. Ta ƙi, ta kuma ce ta sha kuka a kan hakan. A lokacin za a iya cewa ta yi asarar babbar dama. Sai ga shi waƙar da Elvis bai rera ba ta ƙare a bakin 'yar Cissy, matar da ta yi masa amshi a Las Vegas a 1969. A 2021 Dolly ta bayyana cewa ta sa wani ɓangare na kuɗin da waƙar Whitney ta kawo mata ta sayi gine-ginen ofisoshi a wata unguwar baƙaƙen fata a Nashville, domin tunawa da ita.

Akwai wasu waƙoƙin nata da su ma maimaici ne?

Da yawa, har da waɗanda suka fara ɗaga ta. "Saving All My Love for You", waƙarta ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a 1985, Marilyn McCoo da Billy Davis Jr. sun fitar da ita tun 1978. "All the Man That I Need" ta bi ta bakin Linda Clifford da 'yan Sister Sledge kafin ta iso gare ta a 1990. "I Believe in You and Me" ta ƙungiyar Four Tops ce. "I'm Every Woman" ta Chaka Khan ce ta 1978, kuma a ƙarshen tata rerawar Whitney ta kira sunan Chaka da baki, kowa ya ji. Wannan ladabi ne da nake so in ga masu maimaici sun koya, musamman da yake tana budurwa ta taɓa yi wa Chaka amshi a ɗakin ɗaukar waƙa.

Wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce "Greatest Love of All". George Benson ne ya fara rera ta a 1977 domin fim ɗin tarihin ɗan dambe Muhammad Ali. Michael Masser ya yi karin, Linda Creed ta rubuta baitocin. Creed ta yi shekaru tana fama da sankarar mama, ta rasu a Afrilu 1986 tana da shekara 37, makonni kaɗan kafin rerawar Whitney ta hau matsayi na ɗaya. Waƙa ce da ke magana a kan riƙe mutuncin kai ko da an rasa komai. Mutane da yawa sun haddace ta ba su taɓa jin sunan matar da ta rubuta ta ba.

Ba rashin basira ba ne mawaƙiya ta yi suna da waƙoƙin wasu? An ce kayan aro ba ya rufe katara.

Whitney ta sa hannu a rubutun 'yan waƙoƙi, irin su "Queen of the Night" da "Count On Me", amma ba ta taɓa kiran kanta marubuciya ba, kuma babu abin kunya a nan. Rubutu fasaha ce, rerawa ma fasaha ce mai zaman kanta. Frank Sinatra da Elvis da Ella Fitzgerald duk da alƙalamin wasu suka yi suna. Otis Redding ne ya rubuta "Respect" ya fitar a 1965, a matsayin maganar magidanci da ke neman a girmama shi idan ya dawo gida. Da Aretha Franklin ta ɗauke ta a 1967, sai ta koma muryar mace mai neman haƙƙinta, har ta zama taken masu fafutuka. Sinéad O'Connor, wadda ta rasu a 2023, da waƙar Prince ta girgiza duniya a 1990.

Gidan su Whitney ma sun ɗanɗana ɗaya gefen. Cissy Houston ta rera "Midnight Train to Georgia" kafin Gladys Knight, amma tata ba ta yi nisa ba, ta Gladys ce ta hau matsayi na ɗaya a 1973. Saboda haka yarinyar ta tashi ta san cewa waƙa tana iya zama a hannun wani ta yi shiru, ta je hannun wani ta yi tashe, ba tare da na farkon ya gaza ba.

Sukar da ta fi yi mata ciwo ta wani ɓangaren ta fito. Wasu baƙaƙen fata sun zarge ta da sassauta salonta don ta burge Turawa, har aka yi mata ihu a bikin kyaututtukan Soul Train na 1989 da aka kira sunanta. Ban yarda da wannan zargi ba. Duk wanda ya saurari yadda take lanƙwasa ƙarshen kalma da yadda take amsa wa 'yan amshinta ya san daga inda ta fito.

Me ya sa ake yawan ambaton yadda ta rera taken Amurka?

Saboda shi ma maimaici ne, kuma na waƙar da kowa a ƙasar ya haddace. Ranar 27 ga Janairu 1991 ta rera shi a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a birnin Tampa, kwanaki kaɗan da fara yaƙin Tekun Fasha. Taken yana tafiya ne da bugu uku-uku, sai masu tsara mata kiɗa suka mayar da shi huɗu-huɗu, abin da ya ba ta sararin jan kowace kalma yadda ake yi a waƙoƙin coci. An ɗauki muryar tun kafin ranar, kamar yadda aka saba a irin wannan babban fili, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce daga baya. Duk da haka aka fitar da shi a faifai ya shiga jadawali, aka sake fitar da shi bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya kai matsayi na shida. Shi kansa taken, Francis Scott Key ya rubuta baitocinsa a 1814 ne a kan karin wata tsohuwar waƙar Ingila.

Ta taɓa zuwa Afirka?

Ta zo. A Yuni 1988 tana cikin waɗanda suka yi wasa a filin Wembley na Landan domin cikar Nelson Mandela shekara 70, yana kurkuku a lokacin. Bayan ya zama shugaban ƙasa, ta je Afirka ta Kudu a Nuwamba 1994 ta yi wasa uku, a Durban da Johannesburg da Cape Town.

Yaya ta rasu, kuma wace rawa waƙar ta taka a makokinta?

An same ta a bahon wanka a ɗakinta na otal ɗin Beverly Hilton a California, ana gobe bikin Grammy. Binciken likitoci ya nuna nutsewa ce ba da gangan ba, tare da ciwon zuciya da hodar ibilis a matsayin abubuwan da suka taimaka. Ta daɗe tana fama da shaye-shaye, ta kuma faɗa da bakinta, kuma ya taɓa muryarta a shekarunta na ƙarshe. Ba na son a ɓoye wannan, ba na kuma son a mayar da shi dukan labarinta. 'Yarta tilo, Bobbi Kristina, ta bi ta a 2015 tana da shekara 22. Mahaifiyarta Cissy ta rayu har 2024, ta ga tafiyar 'ya da jika.

Washegarin rasuwar, Jennifer Hudson ta tsaya a dandalin Grammy ta rera "I Will Always Love You". Ranar 18 ga Fabrairu aka yi jana'izarta a cocin nan na Newark inda ta fara waƙa, kuma da aka ɗauki akwatin gawar za a fita, muryarta aka saki tana rera waƙar. Baitocin da aka rubuta domin sallamar wani ubangida a Nashville su suka zama sallamarta ga mahaifiyarta da mutanen unguwarsu. A makonnin da suka biyo baya waƙar ta koma jadawalin Billboard har matsayi na uku.

Ya halatta a riƙa fitar da sababbin waƙoƙi da muryar wanda ya rasu?

Ta fuskar doka, idan magada da kamfani sun amince, ya halatta. Ta fuskar dacewa kuwa, ya danganta. A 1990 Whitney ta maimaita "Higher Love" ta Steve Winwood, amma a faifan da aka sayar a Japan kaɗai aka sa ta. A 2019 Kygo, wani mai haɗa kiɗa ɗan ƙasar Norway, ya ɗauki muryar ya ɗora mata sabon kiɗa da izinin magadanta, matasan da ba a haifa ba lokacin tashenta suka yi rawa da ita. Wannan ban ga aibinsa ba, domin ita ta rera, da saninta, da nufin a ji.

Abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba shi ne wasan da aka fara a 2020, inda ake haska siffarta da na'ura a kan dandali kamar tana raye, mutane su sayi tikiti su yi tafi. Haka nan muryoyin da ake ƙirƙira da kwamfuta a sa mamaci ya rera abin da bai taɓa rerawa ba. Dukan darajar Whitney a zaɓi take: inda za ta yi shiru, inda za ta ja, inda za ta saki. Na'ura tana iya kwaikwayon amon muryar, amma wani ne ya yi zaɓin aka liƙa mata.

Ina so in maimaita waƙar wani mawaƙi da ya rasu. Sai na nemi izini?

Ya danganta da ƙasar da kake da abin da za ka yi da waƙar. A Amurka, tun dokar 1909, da zarar marubuci ya fitar da waƙa ga jama'a, kowa na iya sake ɗaukarta a faifai muddin ya bi ƙa'ida ya biya kuɗin da doka ta yanka, bai kuma sauya ainihin karinta ba. Amma sa waƙa a fim ko talla ko bidiyo sai da yardar mai ita. A YouTube akwai na'urar da ke gane waƙa, kuma sau da yawa kuɗin tallan bidiyonka zai tafi wurin masu haƙƙin, ko a toshe bidiyon.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Mutuwar mawaƙi ba ta mayar da waƙarsa kayan kowa ba, gado ce kamar gona. Alhaji Mamman Shata, alal misali, ya rasu a 1999, don haka lissafin ya kai ƙarshen 2069. Wanda zai sabunta waƙar irin waɗannan magabata ya je ya sami iyalansu, a yi magana a rubuce, ya kuma sa sunan mai waƙar inda kowa zai gani. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke da alhakin wannan fanni idan ana neman ƙarin bayani.

Ga mai koyon waƙa, ta ina zai fara sauraro?

Ya jera uku a zama ɗaya: ta Dolly ta 1974, ta Linda Ronstadt ta 1975, sannan ta Whitney ta 1992. A zagaye na farko ya saurara kawai. A na biyu ya riƙe takarda, ya riƙa yin alama a duk inda kowace ta ja numfashi, da kalmar da ta fi dannawa a kowane layi. Zai ga wuraren ba ɗaya ba ne, kuma kowane canji yana juya ma'anar maganar. Bayan haka ya yi wa George Benson da Whitney irin wannan a "Greatest Love of All".

Idan ya zo rera tasa, ya sauke waƙar zuwa inda muryarsa take zaune ba tare da ya shaƙe ba, ko da hakan na nufin ba zai kai inda Whitney ta kai ba. Ya ɗauki baitin farko kaɗai, ba kiɗa, ya naɗa a wayarsa, ya saurara, ya sake. Sai wannan baitin ya zauna daram sannan ya matsa zuwa amshi.